Gishiri da Ruwa a Bakin Dabba: Yadda Miyau ke Samuwa, da Misalin Shanun Ƙasar Mahuta

Mahuta ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, cikin masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, tana bisa hanyar da ta taso daga Koko ta nufi Dabai da Zuru. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu, yawancin mutanenta manoma, akwai kuma Fulani makiyaya a karkararta, Hausa kuwa ita ce harshen da Fakkawa da Dakarkari da Fulani su ke haɗuwa a kansa in an zo ciniki. Manomin da ya ke da shanun huɗa a wannan ƙasa, da makiyayin da ya ke da garke, duka sun san dabba mai tuƙa ba ta zama lafiya sai da kanwa ko gishiri. In ta daɗe ba ta samu ba, sai a ga tana lasar ƙasa da suri, tana tauna tsumma, ta rame, nononta ya ragu. Maganin sananne ne tun kaka da kakanni. Abin da ba a cika sani ba shi ne aikin da kanwar ta ke yi bayan an lashe ta, mafi girman aikin nan kuwa a cikin miyau ya ke.

Mutum ya kan yi miyau wajen lita ɗaya a dare da yini. Tunkiya ta kan yi daga lita 6 zuwa 16. Babbar saniya kuwa ta kan yi lita 100 zuwa 150, watau garwa shida zuwa takwas, wani lokaci ma fiye, ƙananan shanu kuma su kan kasa haka gwargwadon girmansu da irin abin da su ke ci. Wannan ya fi ruwan da saniyar ta ke sha a rafi, saboda haka tilas ruwa ɗaya ne ya ke kai da kawowa. Ya fito daga jini ya zama miyau, a haɗiye shi, ya koma jini ta tumbi da hanji, sa'an nan ya sake fitowa. To, mene ne ya ke jawo ruwa mai yawa haka daga cikin jini?

Tun kafin a shiga amsa, akwai wahalar suna. Hausa ba ta rasa kalmomin abin da ya ke fitowa daga baki ba. Wasu su ce miyau, wasu yawu, wasu yau. Akwai dalala, da tofi, da kaki, akwai kuma yauƙi, wanda ya dace ƙwarai da sinadarin da ya ke sa miyau santsi. Gaɓar da ta ke yin miyau ce ba ta da sunan da kowa ya yarda da shi, ko da ya ke mahauta suna ganinta kullum in sun feɗe kai. Manyanta tagwaye uku ne: biyu a gindin kunnuwa, su ne su ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe. Masu fassara su kan kira su kaluluwa, wannan kuwa kuskure ne, gama kaluluwa wata gaɓa ce dabam mai tare ƙwayoyin cuta, ba ta fitar da kome waje. A wannan takarda za a kira su maɓuɓɓugan miyau, don kalmar ba ta bukatar bayani ga ɗalibi. Haka kuma kalmar jijiya ta tattara abubuwa uku waɗanda likita ya ke rarrabewa, don haka za a riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo, a bar ta ukun, mai ɗaure tsoka da ƙashi, tun da ba ta shiga zancen ba.

Amma fa kalmar maɓuɓɓuga tana da aibinta, gama ruwan maɓuɓɓuga ingizo shi a ke yi daga ƙasa. Da haka masanan farko suka zaci miyau ya ke, watau ƙarfin bugun zuciya ne ya ke tace ruwan jini ta cikin gaɓar, kamar yadda a ke tace gasara da mataci. Wani Bajamushe, Carl Ludwig, shi ya rushe wannan zato a 1851. Ya sa ma'auni a bakin bututun miyau na kare, ya motsa jijiyar saƙon gaɓar, sai ya ga ƙarfin da miyau ya ke turowa ya fi ƙarfin jinin da ya ke cikin babbar jijiyar wuya. Abin da a ke tacewa ba shi yiwuwa ya fi mai matsa shi ƙarfi. Ashe gaɓar da kanta ta ke aiki. An yi fiye da shekara ɗari kafin a gane irin aikin.

Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga tushen amsar, gama ba a jimawa sai ruwa ya tsattsafo. In tantani ya raba ruwa biyu, ɗaya ya fi ɗaya gishiri, ruwa ya kan ratsa tantanin ya nufi wajen da gishiri ya fi yawa. Babu wata gaɓa a jikin dabba da ta ke da abin ɗiban ruwa zalla. Abin da gaɓar miyau ta ke yi shi ne ta kwashe gishiri daga wajen jini ta zuba shi a wajen baki, ruwa kuma ya bi shi da kansa.

Gishiri kuwa in ya narke ba ya zama yadda ya ke. Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, ya nuna a 1887 cewa rabewa ya ke yi zuwa ɓarɓashi masu ɗauke da cajin lantarki, wasu masu alamar tarawa, wasu masu alamar ɗebewa, masu alama dabam suna jan juna, masu alama ɗaya suna korar juna. Sunan ɓarɓashin nan ayon. Michael Faraday ne ya shigo da kalmar a 1834 daga Girkanci, ma'anarta mai tafiya, suna ne kuwa da ya dace da halinsu. Gishirin miya ya kan rabu zuwa sodiyam, mai tarawa, da kuloraid, mai ɗebewa. Kanwa ita ma sodiyam ce, amma abokan tafiyarta kabonet ne da baikabonet, masu kashe tsami. Akwai kuma fotasiyam, mai tarawa, wanda ya cika toka.

Malamin da ya ke koyar da wannan da Hausa yana da wata gajeriyar hanya a hannunsa. Alamar sodiyam a littattafan kimiyya Na ce, ta fito daga natrun, sunan kanwar Masar a Larabci. Alamar fotasiyam K ce, daga ƙali, watau tokar tsirrai a Larabci, daga nan ne kuma Turawa suka samo kalmarsu ta alkali, wadda ba ta haɗa kome da alƙalin kotu ba sai kamar rubutu. Ɗalibin da aka gaya wa sodiyam ɗan kanwa ne, fotasiyam ɗan toka, da wuya ya sake rikita su.

In aka duba maɓuɓɓugar miyau da madubin likita, za a ga ta yi kama da zangarniyar dawa. Kowace tsaba ƙaramar jaka ce, kowane sili bututu ne, bututun kuma suna haɗuwa har su zama ɗaya mai buɗewa a baki. Bangon jakar jerin ƙwayoyin halitta ne, waɗanda za a kira ɗakuna a nan, gama ma'anar sunansu na Latin ke nan. Kowane ɗaki yana da baya, mai duban jini, da gaba, mai duban cikin jakar, ƙofofin baya kuma dabam su ke da na gaba. Duk al'amarin a kan wannan bambanci ya ke tsaye.

A bangon baya akwai famfo. Jens Skou na Denmak ne ya gano shi a 1957 cikin jijiyar saƙon ƙaguwa, aka ba shi lambar Nobel saboda haka a 1997. Kowane juyi ɗaya, famfon ya kan fitar da sodiyam uku daga ɗaki ya shigo da fotasiyam biyu, yana ƙona ƙarfin da aka samu daga abinci. Ba ya hutawa, ko dabba tana barci. Sakamakonsa shi ne, in an auna da milimol a cikin lita, sodiyam na jini wajen 140 ne, na cikin ɗaki kuwa bai wuce 10 zuwa 20 ba, fotasiyam kuma akasin haka. Sodiyam ya zama kamar ruwan da aka tare da madatsa, kullum yana neman hanyar komawa ciki. A nan kaɗai a ke biyan kuɗin aikin, sauran matakan duka da wannan gangare su ke ci.

Kusa da famfon akwai wata ƙofa, masana suna kiranta NKCC1, wadda ba ta buɗe wa sodiyam sai ya zo da rakiya: sodiyam ɗaya, fotasiyam ɗaya, kuloraid biyu, su huɗu tare. Da ya ke sodiyam yana ɗokin shiga, shi ya ke jan sauran. Da ya shiga sai famfo ya sake korar sa waje, fotasiyam ya fita ta tasa ƙofar, kuloraid kuwa ya yi ta taruwa a ɗaki har ya wuce abin da zai zauna da kansa. Haka gaɓar ta ke zaune tsakanin ci da ci, a ɗane kamar tarko.

Sa'ad da abinci ya shiga baki, ko ƙanshinsa ya sa yawu ya tsinke, jijiyar saƙo ta kan saki wani sinadari mai suna asetilkolin a bayan ɗaki. Shi kuma ya sa a saki kalsiyam daga ma'ajinsa na cikin ɗakin. Kalsiyam ya buɗe ƙofa biyu a lokaci ɗaya, ta kuloraid a gaba, ta fotasiyam a baya. Kuloraid ya kwarara cikin jaka da cajinsa na ɗebewa, wannan caji ya jawo sodiyam daga wajen jini ta 'yan tsagogin da su ke tsakanin ɗaki da ɗaki. Yanzu ga gishiri ya taru a jaka, sai ruwa ya biyo shi, wani ta tsagogin, wani ta cikin ɗakunan kansu, ta wasu ƙofofi na ruwa zalla da a ke kira akwaforin. Peter Agre na Amurka ya nuna aikin ta farkonsu a 1992, ya sami lambar Nobel a 2003. Ƙofar kuloraid ɗin kuwa an daɗe da sanin tana nan, amma sai a 2008 aka gane ainihinta, aka san ita ce TMEM16A. An kuma gwada wannan bayani da ɓeraye waɗanda aka haifa ba su da ƙofar ruwan nan, a 1999, da waɗanda ba su da ƙofar rakiya, a 2000, duka biyu miyansu ya ragu da fiye da rabi.

Mutanen karkara sun san iyaka biyu na wannan saƙo, ko da ba su san sunan asetilkolin ba. Wanda ya sha zaƙami, wanda a ke yi wa laƙabi da haukata-yaro, bakinsa ya kan bushe ƙamas, domin sinadaran ganyen suna toshe wurin da saƙon ya ke sauka. Dabbar da aka wanke da maganin kaska wanda ba a sirka shi daidai ba, in maganin na dangin oganofosfet ne, ita kuwa dalala ta kan yi ba tsayawa, domin gubar ta hana a share asetilkolin bayan ya isar da saƙo, sai ƙofofi su zauna a buɗe. Kaskar ma da irin wannan dabara ta ke rayuwa. Tana shan jini, tana mayar da mafi yawan ruwansa da gishirinsa cikin jikin saniya ta maɓuɓɓugan miyanta, ta nan ne kuma cututtuka da yawa su ke samun hanyar shiga.

Ruwan da ya taru a jaka gishirinsa daidai ya ke da na jini, alhali kuwa miyau a bakin mutum ba shi da ɗanɗanon gishiri. Thaysen da Thorn da Schwartz suka warware wannan a 1954. Sun lura in miyau yana fitowa a hankali sodiyam ɗinsa kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya bisa biyar na jini ba, in kuwa yana kwarara sai ya hau. Suka ce lalle aikin hawa biyu ne, jaka ta yi ruwa mai gishiri, bututu ya ƙwace gishirin a hanya. A 1966 aka tabbatar da haka ta hanyar ɗiban ruwa daga farkon bututun ɓera da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta. Ɗakunan bututu su kan tsotse sodiyam da kuloraid, su zuba fotasiyam da baikabonet kaɗan, ga shi kuwa ruwa ba ya ratsa bangonsu, don haka ba ya iya bin gishirin baya. In miyau ya wuce da sauri, ba su samun sukunin gama aikinsu. Da ba don wannan ƙwace ba, da harshen mutum kullum yana cikin ruwan gishiri, da kuma ba ya jin ƙarancinsa a miya.

Wannan shi ne halin mutum da kare da ɓera. Saniya da tunkiya da akuya sun bi tushe ɗaya, amma sun sauya kayan. Maɓuɓɓugarsu ta gindin kunne ba ta tsayawa dare da rana, sai dai ta ƙaru lokacin ci da lokacin tuƙa. Miyanta ba shi da sinadarin narkar da sitaci wanda ya ke cikin na mutum. Bututunta ba ya rage gishiri sosai, sodiyam ɗinsa ya kan kai wajen 170. Babban bambancin kuwa shi ne, baikabonet ne ya ke jan ayari a maimakon kuloraid, ya kan haura 100 alhali na jini wajen 25 ne, tare da shi kuma akwai fosfet. Ɗakin yana samunsa ta hanya biyu. Wani ya kan shigo daga jini yana bin sodiyam, wani kuma a ciki a ke ƙera shi daga iskar kabon da ruwa, da taimakon wani sinadari mai gaggauta wannan haɗi. Abin da ya rage bayan ƙirar shi ne haidurojin, asalin tsami, sai a fitar da shi ta baya a musanya da sodiyam. Ko a nan ma famfon Skou ne ya ke biya.

Dalilin wannan sauyi yana cikin tumbi. Saniya ba ita ta ke narkar da ciyawa ba, ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani su ke ruɓar da ita a tumbi, su fitar da ruwan tsami iri-iri, daga tsamin nan ne kuwa dabbar ta ke samun mafi yawan ƙarfinta. Amma halittun ba su jure tsami in ya yi yawa. A ma'aunin tsami, wanda 7 ne tsakiyarsa, kuma lamba tana raguwa in tsami ya ƙaru, lafiyayyen tumbi ya kan zauna tsakanin 6 da 7, miyan saniya kuwa wajen 8 ne. Hausawa sun ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Babbar saniya ta kan zuba wa tumbinta baikabonet na sodiyam kilo ɗaya ko fiye kowace rana, watau ita ce mai yi wa kanta kanwa. Ta wannan hanya kuma ta ke aika wa halittun tumbi fosfet da yuriya, wanda ya ke taimakonta da rani sa'ad da ciyawa ta bushe ta zama kara.

Ga inda hatsarin ya ke. Sodiyam ɗin da ya ke ratsa bakin saniya a rana ɗaya ya ninka wanda ya ke cikin jininta sau da yawa. Jari ne ƙarami wanda a ke juyawa da sauri, saboda haka 'yar asara kullum ta isa ta karya shi. Mai shayarwa tana asararsa a nono, san huɗa yana asararsa a gumi da dalalar haki in rana ta take. Ciyawar ƙasashen da su ke nesa da teku kuwa, musamman ɗanya ta damina, tana cike da fotasiyam, sodiyam ɗinta kaɗan ne.

Derek Denton ya nuna abin da jiki ya ke yi in jarin ya soma ƙarewa, a birnin Melbon na Ostareliya, cikin shekarun 1950. Ya karkatar da bututun gindin kunne ɗaya na tunkiya ya fito da shi ta kunci, miyau ya riƙa zuba waje. Cikin 'yan kwanaki sai sodiyam na miyan ya faɗi, fotasiyam ya hau, har ya fi sodiyam yawa. Wani sinadari ne mai suna aldosteron, wanda aka ware a 1953, ya ke fitowa daga gaɓar da ta ke bisa ƙoda, ya umurci bututu ya ƙwace ɗan kanwa ya sa ɗan toka a madadinsa. Ta haka tumbi ya ke ci gaba da samun mai kashe tsami, jini kuma ya riƙe abin da ya rage masa. Da aka ajiye wa tumakin ruwan baikabonet, sai suka riƙa shan kusan gwargwadon abin da suka yi asara. Wannan bincike ne ya sa likitan dabbobi ya fi gaskata miyau bisa jini in yana neman ƙarancin sodiyam, gama jini ya kan ɓoye rashin har ya yi nisa, miyau kuwa nan da nan ya ke fallasawa. Saniyar da ta ke lasar suri ta riga ta shiga wannan hali.

Fatauci mai tsawo ya tsaya a kan wannan bukata. Gishirin Balma ya zo da ayarin Azbinawa, kanwa da manda daga Mangari, ungurnu daga gefen Tafkin Chadi, kusa da Kebbi kuma akwai gishirin Dallol Foga da kanwar Dallol Boso a ƙasar Nijar. Paul Lovejoy ya rubuta tarihin wannan ciniki a 1986, ba kaɗan ba ne kuwa daga kayan aka saya don dabbobi. Makiyayan Nijar su kan kora garkunansu zuwa ƙasar Ingal a ƙarshen damina don lasar ƙasa mai gishiri. Sai dai Turawa sun bar wani ruɗu, gama sun kira kanwa fotash, sunan ya zauna a Ingilishin Nijeriya har ya shiga littattafan makaranta. Fotash na gaskiya daga toka ya ke, fotasiyam ne, abin da ciyawar damina ta riga ta cika dabba da shi. Malamin gona da ya koyi kalmar a littafi, bai san kanwa sodiyam ce ba, zai kasa gane dalilin da ya sa makiyayi ya ke da gaskiya. A nan kalmar Hausa ta fi ta aro daidai, bai kamata a fassara ta da fotash ba ko a ƙamus ko a aji.

Akwai kuma wurin da sanin gida ya kan gaza, shi ne turkar rago don layya. Mai son ragonsa ya yi ƙiba da wuri ya kan cika masa gaba da hatsi da dusa, ya rage harawa. Hatsi ba ya bukatar tauna mai yawa, ba ya kuma tayar da tuƙa, saboda haka miyau ya kan ragu daidai lokacin da tsami ya ke ƙaruwa, gama sitaci ya fi ciyawa saurin ruɓa. In ma'aunin tumbi ya sauka ƙasa da 5.5, halittun da su ke narkar da ciyawa su kan soma mutuwa, masu yin tsami mai ƙarfi su yawaita. Sai rago ya ƙi ci, ya yi zawo, wani ya yi ɗingishi, wani ya kwana bai tashi ba. A kan jiƙa masa kanwa, tana kuwa taimako, har masu kiwon shanun madara a Amurka suna zuba irin sinadarinta a abincin dabbobinsu. Amma abin da a ke jiƙawa a ƙwarya bai kai wanda maɓuɓɓugan dabbar za su yi da kansu ba in ta sami abin tuƙa. Hatsi sai a ƙara shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, harawa ko ciyawa kuma kada ta yanke a gaban ragon ko da yini ɗaya.